Me Ya Sa Nono Ya Ke Saurin Tsami Da Bazara?

Wata rana cikin hunturu na fita rangadin makarantu, dare ya yi mini a wani ƙauye, sai babban malamin makarantar garin ya sauke ni a gidansa. Da sassafe muna zaune a zaure, ko wannenmu ya ƙudundune cikin bargo, sai ga wata tsohuwar Bafillatana ta yi sallama. Ba ta ɗauke da kome sai sandarta. Da aka gaisa ta ce wa mai gidan, "Malam, a yi haƙuri, yau ba nono. Madarar jiya har yanzu ba ta kama ba, sanyin nan ya hana ta."

Malam ya ce, "Haba Inna, da bazara ba ke ce ki ke kukan nono ya yi tsami tun ba ki isa kasuwa ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai haka abin ya ke, ɗan nan. Da zafi gudu ya ke yi, da sanyi kuwa rarrafe. Yau zan ajiye ƙwaryar kusa da murhu, gobe in Allah ya so ka sha fura."

Ta tafi, muka bi ta da kallo. Wannan tsohuwa ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta faɗi a taƙaice abin da masana suka yi shekaru suna aunawa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, nono ma haka, kuma dalilin saurinsa da jinkirinsa shi za mu bincika cikin wannan darasi.

Da fari sai mu san irin abin da ya ke faruwa cikin ƙwaryar nan. Ku dubi abubuwan da ku ke gani kullum. Itace ya kan ƙone ya zama toka da hayaƙi. Ƙusa ta kan sha ruwan damina ta yi tsatsa. Ƙwai ya kan dahu, farinsa da gwaiduwarsa su daskare. Madara ta kan kwana ta zama nono. Cikin ko wane ɗaya daga waɗannan, abin da aka fara da shi ya tafi, wani sabon abu ya maye gurbinsa, kuma ba mai iya mai da toka ta koma itace, ko nono ya koma madara. Irin wannan sauyi shi masana kimiyya su ke kira sauyin sinadari. Mu kuwa cikin darasin nan za mu riƙa ce masa rikiɗa, don ya fi sauƙin faɗi.

Amma ku yi hankali, ba ko wane sauyi ne rikiɗa ba. In kun jefa gishiri cikin ruwa ya narke, gishirin yana nan, ɓuya kawai ya yi. Ku shanya ruwan a rana, in ya ƙafe za ku tarar da gishirinku a gindin kwano. Haka kuma ƙanƙara in ta narke, ruwa ce tun farko, ruwa ta koma. Sukari ma in ya narke cikin shayi sukari ne. Amma a zuba shi cikin cokali a ɗora bisa garwashi, sai ya yi ja, ya yi baƙi, ya yi ɗaci. Wannan kam ya rikiɗa.

Ko wace rikiɗa tana da saurinta. Albarushi ya kan tashi kafin ƙiftawar ido. Wake ya kan ɗauki awa ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Tsatsa kuwa sai ta yi watanni tana cin fartanya a hankali. Abin da tsohuwar nan ta lura da shi, shi ne rikiɗa guda ɗaya tana iya yin sauri yau ta yi nawa gobe, ba don an sake kome ba sai zafi kaɗai.

Kafin mu yi nisa dole mu san yadda a ke auna zafi, gama "da zafi" da "da sanyi" ba su isa lissafi ba. Akwai ma'auni da a ke kira da sunan wani masani mutumin Suwidin, Anders Celsius, wanda ya tsara shi a shekarar 1742. Bisa wannan ma'auni ruwa ya kan daskare a digiri 0, ya tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37. A Kano cikin watan Afrilu zafin rana ya kan kai digiri 40, da asubar hunturu kuwa ya kan sauka ƙasa da 15. Kun ga ke nan tsakanin ranar da Inna ta ke kukan tsami da ranar da ta ke kukan rashin nono akwai tazarar da ta fi digiri 20.

A shekarar 1884 wani masani mutumin Holan, mai suna van 't Hoff, ya wallafa littafi a kan saurin rikiɗa. Shi ne kuwa mutum na farko da aka bai wa lambar yabo ta Nobel a fannin ilmin sinadarai, a 1901. Daga aune-aunen da shi da waɗansu suka yi aka sami wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: galibi in aka ƙara zafi da digiri 10, saurin rikiɗa ya kan ninka, sau biyu, wani lokaci har sau uku.

Ku ɗauko allunanku mu yi lissafi. A ce madara ta kan yi tsami cikin awa 6 in zafi yana digiri 35. In aka rage zafin zuwa 25, sai ta ɗauki awa 12. A digiri 15, awa 24. A digiri 5 kuwa, watau irin sanyin cikin firiji, awa 48. Wannan misali ne kawai na lissafi, gama a gaskiya madarar firiji ta kan daɗe fiye da haka. Abin da ni ke so ku gani shi ne ba tarawa a ke yi ba, ninkawa a ke yi. Digiri 10 ninki biyu ne, digiri 20 ninki huɗu, digiri 30 ninki takwas. Yawancin yaran da na yi wa wannan tambaya a aji su kan ce digiri 30 ninki shida ne. Ku kada ku faɗa cikin ramin nan.

To, me ya sa? Nan ne wurin da ya ke bukatar natsuwa.

Ko wane abu a duniya, ruwa ko iska ko dutse ko jikinku, an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da a ke kira ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Cikin ɗigon ruwa guda ɗaya akwai su da yawan da ya fi na mutanen duniya duka fiye da sau miliyan dubu. Kuma ba a zaune su ke ba, kullum cikin motsi su ke. Na cikin iska suna ta gudu ko ina, na cikin ruwa suna ta zamewa a jikin juna, na cikin ƙarfe kuwa suna karkarwa a inda su ke. Wannan motsi nasu shi ne zafi. In mun ce ruwa ya yi zafi, ma'anarsa ƙwayoyinsa suna motsi da ƙarfi. In mun ce ya yi sanyi, motsin ne ya ragu.

Ba a yin rikiɗa sai ƙwayoyi sun yi karo da juna, haɗinsu na dā ya tsinke, su sake sabon haɗi. Ku tuna da filin makaranta lokacin tara. In yara suna tafiya a hankali, jefi-jefi ne wani zai bangaji wani, kuma ko ya bangaje shi ba abin da zai faru. In kuwa kowa yana gudu, karo zai yi yawa, kuma mai ƙarfi, har wani ya faɗi. Zafi ya kan sa ƙwayoyi su yawaita karo ke nan.

Sai dai wannan bai isa bayani ba. Masana sun lissafa sun ga in aka ɗaga zafi daga digiri 25 zuwa 35, gudun ƙwayoyin iska ba ya ƙaruwa ko da kashi biyu cikin ɗari. Yaya za a yi ƙarin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba ya ninka saurin rikiɗa? Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Svante Arrhenius, shi ma mutumin Suwidin, a shekarar 1889. Ya nuna cewa yawancin karon da ƙwayoyi su ke yi na banza ne. Su kan bugi juna su rabu, kowa ya kama gabansa. Sai karon da ƙarfinsa ya kai wani matsayi ne kaɗai ya ke iya tsinka haɗi. Watau gaban ko wace rikiɗa akwai katanga, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin ƙwayoyin su ke da ƙarfin tsallake ta.

Ga misalin da zai bayyana muku. Ranar wasannin makaranta an ɗaura igiya don tsallen sama, an ɗaga ta sosai, har cikin yara ɗari biyu ne kaɗai su ke iya tsallakewa. Amma a bayan biyun nan akwai waɗansu da ƙafarsu ta ke taɓa igiyar kaɗan, saura ƙiris su wuce. Yanzu a ce ko wane yaro an ƙara masa tsalle da faɗin yatsa biyu. Ragwayen da ke can baya ba abin da ƙarin zai yi musu. Amma waɗannan na bakin igiya sai su wuce, masu tsallakewa su tashi daga biyu su zama huɗu ko biyar. Ƙarin da aka yi wa kowa kaɗan ne, amma yawan masu wucewa ya ninka. Haka zafi ya ke yi wa ƙwayoyin zarra. Ni a ganina duk wanda ya gane misalin igiyar nan ya gane rabin darasin, ko da ya manta da sunayen Turawan nan duka.

Katangar nan ita ce ta ke tsare mu, in ba ku sani ba. Itacen da ke jibge a bayan ɗakin girki yana cikin iska dare da rana, kuma itace da iska su ne kayan wuta. Me ya hana shi kamawa? Katangarsa doguwa ce, zafin rana bai isa ya tsallakar da ƙwayoyinsa ba. Ashana ma ta kan shekara cikin kwalinta lafiya lau, sai an ƙyasta ta, gogawar ta ba da ɗan zafi, sa'an nan ta kama. Da zarar ta kama kuwa, ƙunar da kanta tana fid da zafi, zafin ya ƙara wa ƙunar sauri, saurin ya ƙara zafi. Shi ya sa gobara ta kan fara kamar wasa, kafin a ɗebo ruwa ta cinye danga ta haura rumbu. Ko harawa in aka tara ta da danshi aka danne, cikinta ya kan yi zafi don kansa, har wani lokaci ta kama wuta ba wanda ya kusance ta da ashana. Ku sa hannu cikin tsibin taki da safe, za ku ji ɗumin irin wannan aiki.

Mu koma ga ƙwaryar Inna. Cikin madara akwai wani irin sukari, akwai kuma waɗansu ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani. Su ne su ke cin sukarin su mai da shi tsami, tsamin kuma ya sa madara ta yi kauri. Cin nan da su ke yi, da girmansu, da hayayyafarsu, duk rikiɗa ce a ke yi cikin jikinsu, sabo da haka ƙa'idar zafi tana hawa kansu. Mai yin daddawa ta san wannan, shi ya sa in ta dafa kalwa ta kan rufe ta da ganye da buhu ta ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Mai yin waina ta sani, gama ƙullunta ya kan tashi da wuri da bazara, da hunturu kuwa sai ta jira. Marina ma sun sani, don baba ya fi jinkirin nuna cikin rijiyar rini in gari ya yi sanyi.

Har dabbobi. Kun taɓa tambayar kanku abin da ya sa ƙadangare ya ke kwanciya bisa katanga da hantsi? Shi jikinsa ba ya riƙe zafi kamar namu, zafin gari ya ke bi. In dare ya yi sanyi, rikiɗar da ke ba tsokarsa ƙarfi ta kan yi nawa, sai ya wayi gari kamar mara lafiya, dole ya sha rana kafin ya iya kama ƙwaro. A Amurka kuma, a shekarar 1897, wani malami mai suna Amos Dolbear ya rubuta cewa ana iya gane zafin dare ta ƙidaya kukan gyare, gama in da ɗumi ya kan yi kuka da sauri, in da sanyi ya ja shi a hankali. Gyaren ƙasarsu ya auna, ba namu ba, amma ba laifi ku kasa kunne ga namu ku ji.

Sai dai ga masu rai ƙa'idar tana da iyaka. Cikin jikin ko wane mai rai akwai waɗansu sinadarai da za mu iya kira 'yan aiki, waɗanda su ke rage tsawon katanga don rikiɗa ta yiwu ba tare da wuta ba. Da taimakonsu ne cikinku ya ke narkar da tuwo a digiri 37 kacal. Waɗannan 'yan aiki dangin farin ƙwai ne, kuma kun san abin da ya ke samun farin ƙwai in zafi ya haura digiri 60: ya kan daskare, ba ya kuma komawa. Sabo da haka ɗumi ya kan ƙara musu sauri har zuwa wani matsayi, in an wuce nan sai su lalace gaba ɗaya. Da Inna ta ɗora madararta bisa wuta ta tafasa, maimakon ta ajiye ta kusa da murhu, da ta kashe masu yi mata aikin, sai ta bari ta huce ta zuba ɗan tsohon nono kafin ta sami sabo. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa zazzaɓi mai tsanani ya ke da haɗari. In jikin ƙaninku ya yi zafi rau, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi da tsumma, a ba shi abin sha, a kai shi asibiti ba jinkiri.

Louis Pasteur, mutumin Faransa, shi ya nuna wajen shekarun 1860 cewa ɗumama abin sha zuwa wani matsayi ya kan kashe ƙananan halittun da ke ɓata shi. Da sunansa a ke kiran hanyar da masana'antun madara su ke bi har yau. Ku dubi lissafinsu. In za a tsabtace madara a digiri 63, sai an riƙe ta a nan minti 30. In kuwa a digiri 72 ne, sakan 15 ya isa. Minti 30 sakan 1,800 ke nan. Ku raba da 15 za ku sami 120. Ƙarin digiri 9 kaɗai ya gaggauta aikin sau 120! Kun ga ke nan ƙa'idar ninki biyu ba dokar da ba ta karyewa ba ce. Inda katanga ta fi tsawo, ninkin ya kan fi yawa.

Akwai wani abu game da girki da ya kamata ku kai gida. Ruwa in ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, zafinsa ba ya wuce inda ya tsaya, kome yawan itacen da aka tura. Ƙarin wutar tururi kawai ya ke zama ya tashi sama. Sabo da haka wake ba ya ƙara saurin nuna don an cika murhu da itace, muddin tukunya tana tafasa. Ku gaya wa iyayenku mata wannan, amma cikin ladabi, don sun riga ku sanin murhu. A Jos kuwa, da ya ke garin yana bisa tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, iska ba ta danne ruwa sosai, sai ya tafasa a wajen digiri 96. Wake ya fi jinkiri a can bisa ga Legas. Akwai kuma wata tukunya mai murfi da a ke ɗaurewa gam, wadda ta ke tsare tururi a ciki har zafin ruwa ya kai wajen digiri 120. Ƙarin digiri 20 ke nan. Ku lissafa da kanku ninki nawa ƙa'idarmu ta ce za a samu.

Duk wannan wajen gaggautawa ne. Amma a ƙasa mai zafi irin tamu, abin da ya fi damunmu shi ne jinkirtawa, gama ruɓewa ma rikiɗa ce. Tuwon da ya kwana da hunturu a kan ɗumama shi a ci lafiya, na bazara kuwa ya kan wayi gari yana yauƙi. Sau da yawa gudawar da ke kwantar da ƙananan yara daga abincin da ya daɗe cikin zafi ta ke fitowa, kuma ba kullum ne hanci ya ke jin ɓacinsa ba.

Ba kowa ke da firiji ba, mai shi ma ba kullum ya ke da wuta ba. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yi tunani a kan wannan cikin shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ya ke sanyaya jiki, kamar kuma yadda randa ta ke sanyaya ruwa. Sanyin bai kai na firiji ba, amma kun riga kun san ko ragin digiri kaɗan ba abin rainawa ba ne. Tumatir da yalo da alayyafo da kan yanƙwane cikin 'yan kwanaki sai suka riƙa daɗewa ƙwarai. Ya rarraba dubban tukwanen nan a ƙauyuka, aka kuwa ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ta fi aiki da rani, sa'ad da iska ta ke a bushe. Da damina ƙarfinta ya kan ragu.

A can ƙarshen arewacin duniya kuma, a wani tsibiri na ƙasar Norwe da a ke kira Svalbard, an haƙa rumbu cikin dutse aka buɗe shi a 2008, ana ajiye irin shuka na ƙasashen duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta aika da irin wake da waɗansu amfanin gona na Afirka can. Ƙwayar iri tana da rai, tana cin guzurinta a hankali, in ya ƙare ta mutu. Sanyi ya kan ja mata guzurin ya daɗe. Manomin da ya ajiye irinsa a inuwa, a bushe, nesa da rufin kwano, dabara ɗaya su ke yi da masu rumbun nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro dai shi ne magani. Ko wane magani yana rikiɗa a hankali tun daga ranar da aka yi shi, ƙarfinsa yana raguwa. Shi ya sa a ke buga masa ranar ƙarewa a jikin kwali. Kusa da ita kuma galibi za ku ga an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25 ko 30. Ranar ƙarewar nan alkawari ne mai sharaɗi, in an karya sharaɗin ajiya alkawarin ya tashi. Masu yin magani da kansu in suna so su san yadda zai tsufa, su kan ajiye shi da gangan a digiri 40 har wata shida su duba. To, ku tuna da mai tallar magani da ke yawo da faranti a kā cikin tashar mota, rana tana dukan kwalabensa tun safe har la'asar, yau da gobe. Rubutun kwalin yana iya cewa saura shekara guda, alhali abin da ke ciki ya riga ya tsufa. Uwa ta saya da kuɗin guminta ta ba ɗanta, ta zauna tana jiran sauƙi. Na sha tarar da akwatin magani na makaranta a bisa taga inda rana ta ke faɗowa, kuma duk inda na gani sai na sa an ɗauke kafin in zauna.

Alluran rigakafi sun fi haka laushi. Yawancinsu tsakanin digiri 2 da 8 a ke ajiye su, tun daga inda aka yi su har zuwa hannun yaro, waɗansu kuma in sun daskare ma sun lalace. Akwatin nan mai ƙanƙara da ma'aikatan lafiya su ke ratayawa in sun shigo unguwa, aikinsa ke nan. In kun gan su kada ku dame su da a buɗe muku ku leƙa, ku nuna musu inuwa.

Gani ya kori ji, sabo da haka ga gwajin da za ku yi tare da malaminku. Ku sami lemun tsami ku matse, ku tace ruwan da tsumma mai tsabta, ku raba shi daidai wa daida cikin kofunan gilashi biyu. Ku tsoma kofi ɗaya cikin kwano mai ruwan randa, ɗayan kuma cikin kwano mai ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, ku bar su kamar minti 10. Sa'an nan ku ɓallo ɓawon ƙwai guda biyu masu girma ɗaya, ku ɓare 'yar fatar da ke cikinsu, ku jefa su lokaci guda. Za ku ga 'yan kumfa suna fitowa a jikin ɓawon suna tashi sama. Wannan iska ce da rikiɗar tsami da ɓawo ta ke haifarwa. Na zaɓi ɓawon ƙwai maimakon kanwa, ko da ya ke kanwa ta fi kumfa, don ita ko cikin ruwan banza ta kan narke, sai ta rikita mana gwajin.

Ku kula kome ya zama ɗaya cikin kofunan nan, ban da zafi. In kun daka ɓawo ɗaya kun bar ɗaya dunƙule, dakakken zai fi sauri ko da a sanyi ne, don tsami ya sami wuraren kamawa da yawa. In kun sirka ruwan kofi ɗaya, shi ma ya ɓata awo. Yaro ɗaya ya riƙe agogo, biyu su zura wa kofunan ido, na huɗu ya rubuta abin da aka gani bayan minti ɗaya, da bayan minti biyar, da bayan minti goma. In an gama ku musanya, ku sake da sabon ruwan lemo da sabon ɓawo, kofin da ya sha sanyi ɗazu yanzu ya shiga ruwan ɗumi, don kada wani ya ce kofin ne mai sa'a.